Littafin da Ya Ƙi Cewa "Sai"

Akwai wata 'yar kalma da ke ɗauke da kusan duk labarin da aka taɓa ba mu tun muna ƙanana, ita ce "sai". Sai ya tashi, sai ya kama hanya, sai ya gamu da wata tsohuwa. Ana nan ana nan, sai ga wani baƙo. Da zarar mai ba da labari ya ɗan numfasa, tambayar mai sauraro guda ce: "To, sai me ya faru?" Wannan kalma tana da ƙanwa, wato "ashe", wadda ba ta fitowa sai can wajen ƙarshe, ta buɗe abin da aka rufe. Ashe tsohuwar nan ba mutum ba ce, ashe baƙon ɗan'uwansa ne. Da su biyun ake gina ƙagaggen labari irin wanda aka saba da shi, a kowane harshe kuwa, ko da sunan da ake kiran su ya bambanta. "Sai" tana jan ka gaba, "ashe" tana biyan ka ladan bin da ka yi.

To akwai littattafan da suka ƙi wannan tsari da gangan. Wani ba shi da aya daga farko har ƙarshe, wani ba ka sanin wa ke magana, wani ya haɗa jiya da yau da shekara ashirin baya a cikin sakin layi ɗaya. Su ake kira adabin gwaji, saboda marubutansu suna gwada abin da rubutu zai iya yi idan aka cire masa linzamin da aka saba sa masa. Masu son su suna ganin nan ne adabi ya kai maƙura. Waɗanda suka tsane su kuwa cewa suke yi burga ce kawai, an ɗauki rashin iya ba da labari an naɗa masa rawani. Na daɗe ina sauraron ɓangarorin biyu, kuma abin da na lura shi ne yawanci ba a kan littattafan ake faɗa ba, a kan darajar masu karanta su ake yi.

Bari in fara da inda na sha ƙasa. Karo na farko da na buɗe The Sound and the Fury, littafin da Ba'amurke William Faulkner ya fitar a 1929, ban kai shafi na talatin ba na rufe shi. Ba wai Turancin ne ya gagare ni ba, domin jimlolin gajeru ne, kalmomin ma na yara ne. Mai magana yana tsaye a bakin wani shinge, yana kallon wasu mutane suna bugun wani abu, su cire tuta, su mayar, su wuce gaba. Ba a gaya maka me suke bugu ba. Can sai ya fara kuka ba gaira ba dalili. Yana sunkuyawa ta ƙarƙashin shingen, ƙusa ta kama masa riga, kwatsam ga mu cikin sanyin hunturu tare da wata yarinya da ba ta nan ɗazu. Na koma baya ina zaton na tsallake shafi. Ban tsallake ba.

Sai bayan shekaru da na sake komawa na gane abin da ke gudana. Mai maganar shi ne Benjy, ɗan shekara 33 mai naƙasar ƙwaƙwalwa, wanda ba ya iya furta ko kalma ɗaya. Mutanen da yake kallo wasan golf suke yi, a filin da a da na gidansu ne, aka sayar don a tura yayansa jami'ar Harvard. Kalmar da 'yan wasan ke kiran yaron da ke ɗaukar musu jakar sanduna kuwa sautinta ɗaya da sunan yayarsa Caddy, wadda ita kaɗai ta taɓa ƙaunarsa, kuma ta bar gidan tuntuni. Duk sanda aka ƙwala wannan kira, shi sunanta yake ji. Ruwa ba ya tsami banza, kukan yana da dalili, sai dai mai kukan ba shi da hanyar faɗa, kuma marubucin ya ƙi tsoma baki ya faɗa a madadinsa. A wurin Benjy babu "da" babu "yanzu". Ƙusar da ta kama shi yau ita ce ƙusar da ta kama shi yana yaro, saboda haka lokutan biyu suna zaune gefe da gefe a kansa. Alamar da aka ba makaranci 'yar kaɗan ce: haruffa sukan karkace idan lokaci zai sauya, sannan sunan mai kula da shi yakan canja, Versh a ƙuruciya, T.P. a samartaka, Luster a yanzu. Faulkner da kansa ya so a buga kowane lokaci da tawada mai launi daban, masu ɗab'i na zamaninsa ba su yi ba. Sai a 2012 wani kamfanin ɗab'i a Landan ya fitar da bugu mai launi 14.

Zan dawo kan Benjy. Amma kafin nan ya kamata a yi wa labarin gargajiya adalci, domin masu kare adabin gwaji sukan yi maganarsa kamar wani abu ne da kowa zai iya yi ido rufe. Ba haka ba ne. Sauƙin da makaranci ke ji wahalar marubuci ce da aka ɓoye. Shi ne ya zauna ya yanke wane abu za a sani yanzu, wane za a jinkirta, wa zai shigo a babi na uku don a buƙace shi a na goma sha biyu. Shaharzad ta Dare Dubu da Ɗaya ranta ne ke rataye a kan sanin inda za ta katse labari idan asuba ta yi. Akun da ke cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam ma aikinsa ke nan, ya riƙe ɗan sarki da labari har lokaci ya wuce. Charles Dickens ya riƙa fitar da Great Expectations mako-mako a mujalla tsakanin 1860 da 1861, kuma da ƙarshen kowane kashi bai bar mutane da ƙishirwa ba, da ba su sayi na gaba ba. Wanda ya taɓa gwada rubuta labari mai shafi ɗari biyu ba tare da ya saki makaranci a hanya ba ya san ba wasa ba ne.

Haka kuma miƙaƙƙen labari ba ya nufin labari marar zurfi. Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, yaron sakandare yana karanta shi ya fahimta. Daga farko har ƙarshe "sai" ce ke jan sa. Amma dubi abin da ya yi a shafin ƙarshe. Bayan mun yi tafiyar littafi guda tare da Okonkwo, mun san tsoronsa da girman kansa da abin da ya kai shi ga rataye kansa, sai labarin ya koma cikin kan Baturen mulki, wanda ke lissafin cewa wannan mutum zai iya samun babi guda a littafin da yake shirin rubutawa, ko kuwa dai sakin layi ɗaya ya isa. Babu kalma mai wuya a wurin, amma ban san wani gwajin salo da ya fi wannan juyi kaifi ba.

To me ya sa wasu suka ga dole a karya tsarin? Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce rayuwa ba ta tafiya da "sai", kan ɗan'adam ma haka. Ka lura da kanka na minti biyu kawai. Kana tafiya, wani ƙamshi ya tuna maka da mamaci, kafin ka gama tunawa ka shiga lissafin bashi, ka ji rabin maganar wasu masu wucewa, ka dawo kan mamacin. Babu farko, babu tsakiya, babu ƙarshe. Virginia Woolf ta yi wannan ƙorafi a kan manyan marubutan Ingila da suka gabace ta, cewa sun iya siffanta gida da tufafi da kuɗin haya, amma mutumin da ke cikin gidan ya kuɓuce musu. Littafinta Mrs Dalloway na 1925 yini ɗaya ne kacal a Landan, wata mata tana shirin liyafa, amma labarin yana fita daga kan wannan ya shiga kan wancan kamar iska. James Joyce ya riga ta da Ulysses, wanda aka buga a Faris a 1922. Shi ma yini ɗaya ne, 16 ga Yuni 1904, a birnin Dublin na ƙasar Ailan, kuma tauraronsa wani mai neman tallace-tallace ne wa jarida. Babi 18, kusan kowanne da salonsa: wani an yanyanka shi da kanun labarai irin na jarida, wani wasan kwaikwayo ne, wani tambaya da amsa ne zalla, na ƙarshe kuwa kwararar tunanin matar tauraron ce tana kwance, dogayen jimloli takwas da ba waƙafi a cikinsu. Abin dariya, ita kanta Woolf ta rubuta a kundin sirrinta cewa littafin ya gundure ta. Ashe masu ba da wuya ma suna shan ta.

Akwai hujja ta biyu, wadda wani manazarci ɗan Rasha, Viktor Shklovsky, ya kawo a 1917. Ya ce sabo yana cinye abubuwa. Abin da ka saba gani ka daina ganinsa, gane shi kawai kake yi ka wuce. Aikin adabi shi ne ya mayar da sananne baƙo, ya rage wa ido gudu, don ka sake ganin dutse a matsayin dutse. A wannan ra'ayi wahala ba kuskure ba ce, ita ce dabarar. Abin da na fi so a maganarsa shi ne misalin da ya kawo ba daga wani ɗan gwaji ya ɗauko ba, daga Tolstoy ne, sarkin miƙaƙƙen labari, a wani labarinsa da doki ke magana yana mamakin yadda mutane ke cewa "nawa" a kan abin da ba su taɓa amfani da shi ba. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa katangar da ake ginawa tsakanin sansanonin biyu ba ta da tushe sosai.

Kuma kada a ɗauka wannan rigima ta Turawan ƙarni na 20 ce. Ana ruwaito cewa an tambayi mawaƙin Larabci Abu Tammam, wanda ya rayu a ƙarni na 9, me ya sa ba ya faɗin abin da za a fahimta, sai ya mayar da tambaya, me ya sa ba a fahimtar abin da ake faɗi. Hariri na Basra, wanda ya rasu a 1122, ya rubuta Muƙamai 50 a kan wani gwanin baki mai yaudara, Abu Zaid, da abokinsa Harisu da ke ta cin karo da shi gari-gari. Labarin kowace muƙama ɗan ƙarami ne, kusan iri ɗaya ma: ya ɓad da kama, ya tsara mutane, ya karɓi kuɗi, a gane shi daga baya. Ba don wannan ake karanta shi ba. Ana karanta shi ne don huɗubar da babu baƙi mai ɗigo ko ɗaya a cikinta, da wasiƙar da kalma mai ɗigo ke bin marar ɗigo, da baitocin da ake karantawa daga dama ko daga hagu su ba da abu ɗaya. Ƙarni bayan ƙarni malamai suna rubuta masa sharhi, ɗalibai suna zama gaban malami a warware musu shi kalma-kalma, ba wanda ya ce wannan aibi ne. A Ingila ma, Laurence Sterne ya fitar da Tristram Shandy tsakanin 1759 da 1767, inda mai ba da tarihin rayuwarsa ya yi ta kauce hanya har sai a juzu'i na uku aka haife shi, kuma da wani ya mutu sai aka buga shafi guda baƙi ƙirin. Wato tun ƙagaggen labarin Turawa yana jariri aka fara yi masa tsiya.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne ana zuba duk wahala a kwando ɗaya. Manazarci George Steiner ya yi ƙoƙarin rarrabe ta a wata maƙala ta 1978, ya kasa ta gida huɗu, kuma biyu daga ciki sun fi shafar mai karatu na yau da kullum. Akwai wahalar da ƙamus ke magani: baƙuwar kalma, sunan wani sarki da ba ka sani ba, ishara zuwa wani tsohon littafi. Wannan ba ta da wani asiri, ka bincika ka wuce, kuma a zamanin intanet ta zama mafi arha. Yawancin abin da ke tsorata mutane a Ulysses irin wannan ne, sunayen tituna da siyasar Ailan da waƙoƙin da kowa ya sani a 1904. Sannan akwai wahalar da marubuci ya dasa da hannunsa, wadda ba ƙamus da zai cire ta, domin so yake ka yi tuntuɓe a daidai wurin. Ta Benjy irin wannan ce. A nan ne tambaya ta gaskiya take: tuntuɓen nan me ya saya mini?

Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne na Bafaranshe Georges Perec. A 1969 ya fitar da La Disparition, ma'ana ɓacewa, littafi mai shafi wajen 300 da babu harafin "e" ko guda a ciki, alhali shi ne harafin da ya fi kowane yawa a Faransanci. Da jin haka mutum zai ce wasan yara ne, irin na Hariri ba tare da hikimar Hariri ba. Don ka ji nauyin abin, gwada da Hausa, ka cire "a". Nan take ka rasa "ya" da "ta" da "na" da "ka", ba ka iya cewa mutum ɗaya ya yi wani abu, sai dai "sun" da "mun". Ka rasa "da", ka rasa "ba", wato ba ka iya haɗawa, ba ka iya musantawa. Na zauna na gwada, abin da na iya fitarwa shi ne: sun iso cikin duhu, sun yi shiru, mun ji tsoro. Sai na lura da abin da ya rage mini a hannu: duhu, shiru, tsoro, ciwo, ƙunci. Murmushi ma ya tsira, kada in yi ƙarya. Amma uwa ta tafi, uba ya tafi, gida da ɗa da 'ya da rai duk sun tafi. Haka yake a Faransanci, kalmomin uwa da uba da iyaye da iyali duk suna da "e", sunan marubucin kansa yana da guda huɗu. Perec kuwa an haife shi a 1936, mahaifinsa ya mutu a fagen yaƙi a 1940, mahaifiyarsa Bayahudiya 'yan Nazi suka kwashe ta a 1943, ba ta dawo ba. Labarin littafin na wasu abokai ne da ke neman wani da ya ɓace, suna jin akwai abin da babu amma sun kasa kiran sunansa. Mayar da harafin, ka sami labarin bincike na yau da kullum. Rashin shi ne littafin.

Wannan ne ma'aunin da nake amfani da shi, kuma ba na da'awar ya fi na kowa. Ina tambayar kaina, da za a miƙe wannan littafi, a jera abubuwan da suka faru bi da bi, a sa aya inda ya kamata, a faɗi wa ke magana, me za a rasa? Idan amsar ita ce komai, to wahalar ta ci kuɗinta. Idan kuwa abin da zai fito ɗan labari ne marar kitse da aka lulluɓe da hazo don kada a ga ramarsa, to an yaudare ni. Kuma irin wannan na biyun suna da yawa, sun ma fi yawa, kamar yadda miƙaƙƙun labarai marasa daɗi suka fi masu daɗi yawa. Bambancin shi ne miƙaƙƙen labari idan ya lalace kowa yana gani tun shafi na goma. Na gwaji idan ya lalace yana da mafaka, domin makaranci yakan zargi kansa kafin ya zargi marubucin.

A tsakiya akwai waɗanda har yau ban yanke musu hukunci ba. Julio Cortázar ɗan Ajantina ya fitar da Rayuela a 1963, babi 155, ya ce ko ka karanta daga 1 zuwa 56 ka tsaya, ko ka fara daga 73 ka bi wani jadawali da ke tsalle da kai gaba da baya. B. S. Johnson a Ingila ya sa The Unfortunates cikin akwati a 1969, kashi 27 da ba a ɗinke ba, na farko da na ƙarshe kawai aka ƙayyade, sauran ka cakuɗa yadda ka so. Shi yana da dalili mai kama hankali, domin littafin tunawa ne da abokinsa da ciwon daji ya kashe, kuma tunanin mamaci ba ya zuwa a jere. Finnegans Wake kuwa, wanda Joyce ya shafe shekara 17 yana rubutawa ya fitar a 1939 cikin wani harshe da ya dama daga harsuna da dama, na fi jin daɗin shafi ɗaya nasa da murya fiye da babi guda da ido, kuma ban taɓa kai ƙarshensa ba. Ba ma shi da ƙarshe, jimlar da ta rufe shi rabi ce, sauran rabin shi ne ya buɗe shi.

Batun daraja shi ne ya fi ɓata wannan muhawara. A 2002 marubuci Jonathan Franzen ya rubuta a mujallar New Yorker cewa akwai hanyoyi biyu na kallon littafi: ko a ɗauke shi alkawari tsakanin marubuci da makaranci, inda marubuci ya ɗauki nauyin riƙe ka, ko a ɗauke shi wani abin alfarma da darajarsa ba ta dogara da ko an ji daɗinsa ba. Ya yi maganar ne a kan littattafan marubuci William Gaddis, ya amsa cewa ya gama The Recognitions mai shafi sama da 900, amma ya yar da J R a tsakiya, littafin da kusan dukkansa hira ce ba tare da an faɗi mai magana ba. A 2005 wani marubuci, Ben Marcus, ya mayar masa da martani a mujallar Harper's, yana cewa marubutan gwaji ba su da kasuwa ba su da ƙarfi, don me mai sayar da miliyoyi zai taso musu kamar su ne barazana. A Afirka rigimar ta ɗauki wani launi. Chinweizu da abokansa biyu, a littafinsu na 1980 kan 'yantar da adabin Afirka daga tasirin mulkin mallaka, sun zargi mawaƙa irin su Wole Soyinka da Christopher Okigbo da duhun magana da suka ce kwaikwayon Turawa ne. Soyinka bai bar ta ta kwana ba, ya nuna cewa adabin baka na Afirka kansa cike yake da zaurance da magana mai harshen damo, don haka cewa ɗan Afirka sai sassauƙa raini ne. A nan ina tare da shi. Duk al'ummar da ke da kacici-kacici da habaici da kirari ta san daɗin maganar da ba ta buɗe kanta nan take.

Amma ba na tare da masu cewa karatun mai wuya yana mayar da mutum na kirki. A 2013 wasu masu bincike biyu, Kidd da Castano, sun wallafa a mujallar Science cewa karanta ɗan guntun adabi mai zurfi yana ƙara wa mutum iya karantar zukatan wasu fiye da karanta labaran kasuwa. Jaridu suka yi ta yayatawa, masu son adabi suka yi ta murna. Da wasu suka maimaita gwajin da mutane masu yawa a 2016, ba su sami wannan sakamako ba. Ban yi baƙin ciki ba. Littafi ba magani ba ne da za a sha ana yamutsa fuska don an ce yana da amfani, kuma wanda ya gama Ulysses don a ce ya gama bai fi wanda ya kwana yana karanta labarin soyayya don yana so ba.

Abin da ya bambanta da gaske shi ne yadda ake karatun. Miƙaƙƙen labari yana so ka manta kana karatu, shafi ya zama taga. Na gwaji yana ta ƙwanƙwasa gilashin tagar don ka tuna akwai shi. Na farko yana biya tun a karatun farko. Na biyu sau da yawa karatun farko leƙen hanya ne kawai, sai a na biyu ake cin riba, kuma wannan tsada ce ta gaske ga wanda ke da awa ɗaya kafin barci ya ɗauke shi. Yana kuma buƙatar wani hali da makaranta ba ta koya mana ba, wato ka ci gaba alhali ba ka gane ba, ka riƙe abubuwa biyar a rataye da yardar cewa za su sauka. Kuskurena da Faulkner a karon farko shi ne na tsaya a kowane layi ina neman sai na warware shi kafin in wuce, kamar mai amsa jarrabawa. Da na saki jiki na bi muryar, sai abubuwan da ke maimaituwa suka fara haɗa kansu: shingen, wuta, ƙamshin itatuwa da yake ji a jikin yayarsa, da ranar da ta shafa turare ya daina jin ƙamshin ya fashe da kuka.

Sannan abin da ke da wuya yau ba lallai ya zauna da wuya ba. Shiga cikin tunanin mutum kai tsaye, tsalle tsakanin lokuta, masu ba da labari da yawa da ke saɓa wa juna, duk waɗannan sun girgiza masu karatu shekara ɗari da suka wuce, yanzu kuwa suna cikin labaran 'yan sanda da finafinan da ake kallo ana danna waya. Miƙaƙƙen labari yana haɗiye abin da gwaji ya gano, ya ƙara ƙiba da shi. Gwaji kuma ba ya iya rayuwa sai a bayan miƙaƙƙen labari, domin ba a jin an karya alkawari sai an san alkawarin. Littafin da ya ƙi cewa "sai" yana aiki ne kawai a kan makarancin da kunnensa ke jiran ta. Jon Fosse, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 2023, ya rubuta Septology mai ɗaruruwan shafuka ba aya, amma abin da ke riƙe mutum a ciki tsohon abu ne: wani dattijo mai zane da matarsa ta rasu, da wani mai sunansa da giya ke kashewa, da son sanin ko zai kai gare shi a kan lokaci.

Faulkner ma ya san haka. Littafin nasa kashi huɗu ne, kuma yana sassautowa a hankali. Bayan Benjy sai ɗan'uwansa Quentin, wanda shi ma kansa a ruɗe yake, sannan ɗaya ɗan'uwan, Jason, mai magana a miƙe cikin ɗaci, sannan kashi na ƙarshe da aka ba da shi daga waje, yadda aka saba, da "sai" ɗinsa cikakkiya. A shafukan ƙarshe an ɗauki Benjy a keken doki za a kai shi maƙabarta, tafiyar da ake yi da shi kowace Lahadi. Da aka iso dandalin gari, Luster, don ya burge wasu da ke tsaye, ya juya dokin ta hagun gunkin sojan da ke tsakiya, maimakon dama da aka saba bi. Benjy ya ɓarke da ihun da bai taɓa yin irinsa ba. Jason ya rugo, ya ture yaron, ya fizge linzami, ya juyo da keken ta dama. Nan take ihun ya tsaya. Mutumin da ya hana mu jeri tun shafin farko ya zauna shiru, furen da ya karye a hannunsa, yana kallon gine-gine da tagogi da ƙofofi suna wucewa daga hagu zuwa dama, kowanne a inda ya san shi.